Damisan Shagon Aski

"Ni fa mace ba ta isa ta yi ajiyar zuciya ban san dalili ba. Kai, tun kafin ta ja numfashin ma na riga na sani!"

Ka ji cika baki ko, abokina? To daga bakin wani mai aski ya fito, yana riƙe da kan mutum a hannu ɗaya, injin aski a ɗaya hannun. Sunan da iyayensa suka raɗa masa ya daɗe da ɓacewa, kowa a layin Na-Sani yake kiransa, domin ba ka isa ka kai ƙarshen zance a gabansa ba. Ka ce masa an yi haɗari a hanyar kasuwa, zai ce, "Na sani, direban ma ni nake yi masa aski." Ka ce masa kakarka ta yi mafarki, zai ce ya sani, har ya gyara maka mafarkin. Bai taɓa kallon ƙwallo har a tashi ba, wai tun daga yadda 'yan wasa suka ɗaure takalmi ya gane wanda zai ci. Ga surutu kamar rediyon da aka kasa kashewa. Masu zuwa aski sukan ce gashi kaɗan ake rage musu, kunne ne yake shan wahala.

Amma a ƙarƙashin wannan cika bakin akwai abin da yake cin Na-Sani a rai, wanda ba ya iya gaya wa kowa. Matarsa ta daina kallonsa. Maman 'Yan-biyu ake ce mata, tela ce, shagonta yana can ƙarshen layi. Ba faɗa suka yi ba. Ƙanwarta ce ta ara mata wani ɗan siririn littafin soyayya, irin na 'yan mafiya, manyan miyagun nan masu baƙar kwat da suke harbe-harbe da safe su yi soyayya da yamma. Tun daga ranar, in ta dawo daga shago ta yi girki, ta yi wa yara wanka, ta wanke kwanuka, ta share tsakar gida, sai ta zube a kujera ta buɗe littafin. Ta gama shi ta sake komawa. Na-Sani zai miƙe ƙafa yana ba ta labarin yadda ya ba wani babban likita shawara, ita kuwa idonta yana kan takarda. Can sai ta dafe ƙirji ta sauke numfashi.

"Allah sarki, Damisa! Ana samun irinka kuwa?"

"Wane ne kuma Damisa?" in ji Na-Sani.

"Au, kai da ka san komai?"

"Na sani mana. Gwada ki nake yi."

Ko ɗago kai ba ta yi ba. Wannan abu ya soke shi har cikin ƙashi, domin duk shirmensa yana son matar nan kamar ransa, kuma ba abin da yake so a duniya irin ta ɗago ido ta dube shi yadda take duban takardar nan.

Da safe, tana fita, ya zaro littafin daga ƙarƙashin matashi ya cusa a aljihu. Da rana ta yi tsaka, shago ya yi shiru, sai ya buɗe yana taɓe baki. "Littafin mata! Bari dai in ga shirmen." Kafin a jima, mai taɓe baki ya haye kujerar aski, ya naɗe ƙafafu, yana cizon yatsa.

Ashe Damisan nan shugaban gungu ne. Ba ya dariya, ba ya amsa gaisuwa, baƙin tabarau ba ya barin fuskarsa ko a cikin ɗaki. Duk inda ya sa ƙafa, ƙarti suna biye da shi. Ya ga wata mai sayar da furanni ya ji ta kwanta masa, sai ya shiga shagonta ya ce, "Kowa ya fita," kowa kuwa ya fita. Wani ya yi kuskuren kallonta, Damisa ya cakumi kwalarsa ya ce, "Idon da ya kalli abin da yake nawa ba ya sake ganin rana."

"Kai! Kai! Kai!" in ji Na-Sani, yana dukan cinya.

Ana cikin haka wani malamin makaranta ya shigo a rage masa suma. Na-Sani ya ɗaura masa ƙyalle, ya kunna inji, amma ya kasa ajiye littafin: aski da dama, karatu da hagu. Daidai inda abokan gaba suka yi wa Damisa kwanton ɓauna, sai ya ƙwalla ihu, "Duƙa, Damisa, duƙa!" Ya duƙa da kansa. Injin kuwa ya bi shi, ya share wa malam hanya tun daga goshi har ƙeya.

Malam ya dubi madubi, ya dubi mai aski. "Mene ne wannan?"

"Sabon yayi ne, malam. Manya suke yi."

"Wane manyan?"

"Ba ka san su ba. Ni na sani."

Sai da aka yi wa malam ƙwal-kwabo ya fita yana Allah ya isa. Na-Sani ko a jikinsa. Ya ci gaba har ya kai tsakiyar littafin, inda zaren ɗinki ya fito, sai ya rufe shi fas. "Shi ke nan, na gane. Sauran ai na sani. A harbi wani, a yi aure, a tashi. Ashe abin da take so ke nan? Yo wannan ai ni ne, kwat kawai na rasa." Ya mayar da littafin inda ya ɗauko kafin ta dawo.

Washegari da sassafe ya shirya. Kwat ɗin a wurin mai hoto ya aro, irin wadda ake sa wa mutane in za a ɗauke su hoton fasfo. Gabanta fes, bayanta kuwa a tsage yake tun daga wuya, an haɗe shi da fil, tunda ba wanda yake ɗaukar hoton baya. Wando na ƙaninsa ne, wanda bai kai rabin jikinsa ba, sai da ya riƙe numfashi ya shiga. Ya ɗora baƙin tabarau, ya tsaya gaban madubin shago ya ɗaure fuska tamau, har shi kansa ya ɗan tsorata.

"Na-Sani, ina kwana?" in ji mai shayi.

Shiru. Ya ɗan ɗaga haɓa kawai.

"Na-Sani, an tashi lafiya?" in ji mai wanki.

Shiru. Kada ka so ka ga azabar da bawan Allah yake sha. Maganganu sun taru a maƙogwaronsa suna turereniya, ga labarin siyasa, ga na ƙwallo, ga gyaran da yake so ya yi wa mai shayi a kan yadda ake dafa shayi, duk ya haɗiye su da ƙyar. Zufa kuwa tana bin bayansa ta cikin tsagar kwat.

Mutane suka fara taruwa nesa-nesa. "Na-Sani ya yi shiru? To lallai ba lafiya ba." Wani tsoho ya ƙura masa ido, ya ja da baya. "Baƙin tabarau da sassafe? Jama'a, afolo ne! Ciwon idon nan mai yaɗuwa!" Kafin ka ce me, bencin masu jiran aski ya zama wayam. Har wanda aka riga aka jiƙa wa gemu ya fita da kumfarsa. Na-Sani ya bi su da kallo, zuciyarsa fari ƙal. Kwarjini ya fara aiki, in ji shi.

Da yamma ya isa gida, ya jingina da ƙofa yadda Damisa yake yi, ya kashe murya ya ce, "Ke."

Labari ya riga shi isowa. Maman 'Yan-biyu ta yi wuf ta mayar da yaran bayanta. "Baban 'Yan-biyu, kada ka matso kusa da yaran nan! Zauna can!" Ta sa hannu a leda, ta zare masa tabarau, ta danne kansa a jikin bango, ta ɗura masa maganin ido mai raɗaɗin tsiya. Yana so ya ce lafiyarsa ƙalau, amma Damisa ba ya yi wa kowa bayani. Idanu suka kaɗa suka yi jawur, hawaye shar-shar.

"Ka gani ko? Dubi yadda suka yi ja. Allah ya sa ba ka shafa wa kowa ba."

Aka ware masa tawul, aka ware masa kofi, aka shimfiɗa masa tabarma a falo. Ta kalle shi kam, amma kallon mai jinya.

Wani zai haƙura daga nan, amma ba Na-Sani ba. Ya kwana yana nazari, ya gano inda aka sami matsala: babu ƙarti. Damisa ba ya tafiya shi kaɗai kamar marayan zakara. Washegari ya kira abokansa biyu bayan shago, Dogo mai faci da Tulu mai burodi, ya cire takunkumin shiru na ɗan lokaci.

"Daga yau ku yarana ne. Ku bi ni a baya, ku murtuke fuska. Kada ku kira ni Na-Sani, Oga za ku ce."

"Oga na me?" in ji Dogo.

"Na soyayya. Ba za ka gane ba."

"Idon naka fa?" in ji Tulu, yana kare fuska da burodi.

"Idona lafiya lau! Ku dai ku biyo ni, askin wata guda kyauta ne."

Haka suka jero a layi da rana tsaka: Na-Sani a gaba yana taku ɗai-ɗai don kada wando ya ci amanarsa, Dogo a dama da baƙin mai har gwiwar hannu, Tulu a hagu yana gutsurar burodi. Mutane suka fito ƙofar gidaje.

"Me ya sata aka kama shi?"

"Ba kama shi aka yi ba, asibiti za a kai shi."

"Allah sarki, ashe har ya kai sai an yi masa jagora."

Tulu kuwa mutum ne mai ladabi, ba ya iya wuce gaisuwa. Duk wanda ya yi magana sai ya tsaya. "Lafiya lau, da sauƙi, mun gode, zai ji." Na-Sani yana harararsa ta cikin tabarau, amma wa zai ga harara a bayan baƙin gilashi?

Suka isa shagon Maman 'Yan-biyu. Ɗan ƙaramin ɗaki ne, cike da mata masu jiran ɗinki, ga yaduka a rataye, ga ƙyallaye a ƙasa, fanka tana ta ƙara. A can lungu keken ɗinki ɗaya ya lalace, wani mutum ya duƙa a ƙarƙashinsa yana gyara, ya ba ƙofa baya. Na-Sani ya cika ƙofar, ya ja numfashi iya abin da wando ya yarda, ya saki kalmar da ya kwana yana bita.

"Kowa ya fita!"

Muryar da ta daɗe ba ta yi aiki ba ta fito a shaƙe, kamar ta ɗan akuya. Mata suka juyo. Ba wadda ta motsa. Wata ƙatuwar hajiya mai tef a wuya ta ce, "Gobara ce?"

Tulu ya leƙo ta kafaɗarsa don ya taimaka. "A'a, Hajiya, ba gobara ba ce. Afolo ne."

Wayyo! Sai ka ce an saki maciji. Mata suka yo ƙofa gaba ɗaya, kowace ta rufe ido da mayafi, suka ture Oga gefe, suka bi ta kan ƙafar Dogo, suka watsar da burodin Tulu. Na-Sani ya manne da bango yana kumbura. Ya waiwayi yaransa ya ce ƙasa-ƙasa, "Kun gani? Magana ɗaya tak."

Maman 'Yan-biyu ta saki almakashi. "Baban 'Yan-biyu, lafiyarka kuwa? Ka kore min mutane!"

Bai kula ta ba, domin saura mutum ɗaya bai fita ba. Mai gyaran nan ko ɗagowa bai yi ba, sai ma ya miƙo hannu ya ce, "Riƙe min nan, 'yar albarka." 'Yar albarka! A gabansa! Shagon da ma da duhu-duhu, ga baƙin tabarau, Na-Sani ba ya ganin komai sai inuwa. Ya taka ya isa, ya cakumi kwalar mutumin ta baya, ya ɗago shi.

"Idon da ya kalli abin da yake nawa ba ya sake ganin rana!"

Mutumin ya juyo a hankali. Zufa ta zamo da tabarau zuwa kan hancin Na-Sani, ya gani tar: farin gemu, sukudireba a hannu, ido ba wasa. Surukinsa ne, mahaifin Maman 'Yan-biyu, tsohon mai gyaran keken ɗinki, wanda ya zo duba wa 'yarsa keke.

Na-Sani ya saki kwalar. Ya zube ƙasa zai gaishe shi, wando ya ce ɓarrr daga gaba har baya. Ya sunkuya zai kare, fil-fil ɗin kwat suka yi tsalle, bayanta ya dare gida biyu.

"Ba... Baba, ina wuni?"

"Ina wuni, Baba, ni wucewa kawai nake yi," in ji Dogo, ya ɗingisa ya ɓace. Tulu ya tsaya tsinto burodinsa, shi ya sa bai samu guduwa ba.

Tsohon ya gyara kwalarsa. "Maimaita abin da ka ce."

"Ban ce komai ba, Baba."

"Wane ido ne ba zai sake ganin rana ba? Nawa? Idon da ya ga ranar da aka haife ta?" Ya juya ga 'yarsa. "Ɗauko mayafinki, ki je ki kwaso yaran, gida za mu tafi. Jiya an ce min ido ne, yau na ga abin ya hau kai. Ba zan bar ki a hannun wanda ya fara taɓuwa ba."

Nan fa Damisa ya mutu murus, Na-Sani ya dawo. Tsoro na gaske ya kama shi, domin ya hango gidan nan babu ita, babu hayaniyar yara. Duk maganganun da ya tara suka ɓalle lokaci guda.

"Baba, don Allah, wallahi lafiyata ƙalau, ba afolo, ba hauka, kwat ɗin ta mai hoto ce, wandon na ƙanina ne, littafi ne, Baba, littafinta na karanta! Ta daina kallona, Baba. Ina magana tana kallon Damisa. Na ce bari in zama Damisan ko ta dube ni sau ɗaya."

Maman 'Yan-biyu ta dube shi, durƙushe, ido jawur, rabin kwat a kowace kafaɗa. Da farko tausayi ya kama ta, har idonta ya ciko. Sai kuma dariya ta ci ƙarfinta, ta zauna a kan tarin yadi tana riƙe ciki.

"Wayyo cikina! Tsaya, tsaya. Har ina ka karanta?"

"Rabi. Sauran ai na sani."

"Ka sani ko? To saurara."

Ta zaro littafin daga jakarta, ta buɗe can ƙarshe, inda takardun suka yi laushi don yawan buɗawa. Matan da suka gudu sun dawo sun cika ƙofa, ido a rufe, kunne a buɗe. Ta karanta da ƙarfi. Ashe mai furanni ƙin Damisa ta yi, ta ce ba ta auren gunki. Sai ya cire tabarau ya jefar, ya sallami ƙartinsa, ya bar harkar gaba ɗaya. Bayan aure, in ta dawo a gajiye, shi yake ɗaura ƙyallen girki, ya wanke tukwane, ya yi wa jariri wanka, ita kuma ta miƙe ƙafa ta huta.

"Allah sarki, Damisa!" in ji matan ƙofa baki ɗaya.

"Nan ne nake karantawa kullum," in ji Maman 'Yan-biyu tana share hawaye. "Farkon ai haushi yake ba ni, tsallake shi nake yi. Mutum kamar an aiko masa da saƙon mutuwa, ba gaisuwa ba fara'a, wa yake son wannan?"

Na-Sani ya buɗe baki zai ce ya sani, ya haɗa ido da sukudireba, ya rufe.

Tsohon ya shafa gemu. "To, ɗana, tunda Damisa kake son zama, ai ba a barin karatu a rabi. Ka yi na ƙarshen, ta zauna. In ba haka ba, ɗakinta na gida yana nan ban zuba kaya a ciki ba."

"Zan yi, Baba. Da ma abin da na yi niyya ke nan."

Washegari da la'asar, ga gwanin sanin zuciyar mata tsugune a bakin famfo, tukwane da kwanuka sun kewaye shi, kumfa har gwiwar hannu. Matarsa ta ɗinka masa ƙyallen girki da ragowar yadin wata amarya, mai manyan furanni ja da rawaya. 'Yan-biyu suna tsaye tsirara suna jiran layin wanka. Ita kuwa tana kan kujera, ta miƙe ƙafa, littafin a rufe a gefenta. Ta dube shi, ta daɗe tana dubansa, sannan ta dafe ƙirji ta sauke numfashi. Wani daɗi ya ratsa Na-Sani tun daga kai har ƙafa, ya ƙara wa tukunya soso. Har ya fara kumbura, yana shirya yadda zai ba da labarin a shago cewa duk dabararsa ce, sai maƙwabciyarsu ta leƙo ta kan katanga, ta ƙare masa kallo, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Maman 'Yan-biyu, sannu da hutawa! Don Allah in Damisan naki ya gama, ki aro min shi. Nawa kwanukan tun jiya suke jiƙe."